Maganar da ta ba da dariya a bakin shago ta ɓata zumunci a waya: ina dariyar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Jekadafari cikin Gombe, kuma Bafulatani ne. A majalisarmu ta bakin shago akwai wani Babarbare mai sayar da huluna, kullum sai mun taɓa: in ce masa bawana, ya ce ni ne bawansa, jama'a su yi ta dariya. Ranar wata Juma'a na rubuta irin maganar da nake masa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, na ce: 'Barebarin gidan nan, bayina, ku fito ku gai da ubangidanku.' Ba wanda ya yi dariya. Wani Babarbare da ke ciki ma ya fice, har yau ba ya ɗaga wayata. Malam, maganar ɗaya ce fa. To ina dariyar take, a cikin kalmomin ko a bakin mai faɗa? Kuma ana koyon ban dariya, ko da shi ake haihuwar mutum?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na karanta tambayarka sau biyu, a karo na biyun na ga inda gizo ke saƙar. Ka ce "maganar ɗaya ce fa". To a nan muka raba hanya da kai. Kalmomin ɗaya ne, ban musa ba. Amma abin da ka faɗa a bakin shago da abin da ka rubuta a waya, kamarsu irin ta riga a jikin mai ita ce da rigar nan a rataye jikin ƙusa. Kai tela ne, ka fi ni sanin tazarar da ke tsakani.

In na fahimce ka, so kake ka san abin da ke cikin harshe wanda ke haifar da dariya, da dalilin da ya sa yake mutuwa ko ya rikiɗe ya zama zagi in an sauya masa wuri, sannan ko ana koyonsa. Ni malamin Hausa ne, na shekara 27 ina riƙe da alli a nan Bauchi, kuma akan miƙa mini abin magana a walimar aure da taron yaye ɗalibai. Na sha ba da dariya, na kuma sha yin maganar da ta faɗi ƙasa warwas aka bar ni tsaye ina gyaran hula. Daga waɗannan biyun zan ba ka amsa.

Kalma ɗaya, hanya biyu

Akwai wata mai masa da nake zuwa wurinta da safe a wajen Wunti. Masar Bauchi dai ko ku mutanen Gombe, da kuka ɓalle kuka bar mu a 1996, ba ku ja da ita ba. Wata safiya muna zaune a benci, tanda na kan wuta, sai wani baƙo ya ce miyarsa ta ƙare. Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce da 'yarta: "Ke, ƙara masa." Akwai wani dattijo a gefe wanda ya riga ya share kwanonsa tas. Sai ya miƙo kwanon da hannu biyu, fuskar nan tasa ba ko alamar murmushi, ya ce: "Jama'a ku ne shaida, Hajiya da bakinta ta ce a ƙara maasaa." Ya ja wasalin nan sai da ya kai shi inda yake so. Benci ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ta juya masar da ke tanda, ta bari dariyar ta lafa, sannan ta ce: "Baba, in ka ƙara mini, sai in ƙara maka." Aka sake kwashewa.

Duba abin da ya faru. Masa mai nufin "gare shi" wasulanta gajeru ne, masa ta ci kuwa dogaye ne. Kunnen Bahaushe ba ya ruɗa su, kuma dattijon nan bai ruɗe ba. Da a ce da gaske bai ji daidai ba, tausayi zai ba mu, a ce kunnen Baba ya fara nauyi. Abin da ya ba da dariya shi ne kowa ya san ya ji sarai, ya bar hanyar da Hajiya ta nufa da gangan ya bi ta kusa da ita, kuma ta kusan ce ta kai shi ga abin da cikinsa ke so. A ɗan lokacin nan ma'ana biyu suna zaune a kan magana ɗaya, kuma mai sauraro yana ganin duka biyun.

Wani masanin harshe mai suna Victor Raskin ya gina nazari guda a kan wannan a 1985. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, maganar ban dariya takan dace da fassara biyu masu karo da juna, mai sauraro ya kama ta farko yana tafiya hankali kwance, sai wata kalma ta juya shi zuwa ta biyu. Hajiya mai masa ba ta taɓa jin sunansa ba, amma aikin da take yi ke nan kowace safiya.

Hausa kuwa Allah ya hore mata kayan wannan aiki. Muna bambanta kalmomi da tsawon wasali: gari na mutane da gari na tuwo, duka na "baki ɗaya" da duka na bulala. Shi ya sa ake cewa wane ya nace sai an ba shi duka, aka kuwa ba shi duka. Muna bambanta su da karin sauti: wuyan jiki murya na farawa sama ta sauko, wuyar wahala ta fara ƙasa ta hau. Raƙumi ya fi kowa wuya, amma jaki ya fi shi shan wuya. Kuka na hawaye murya a sama take tafiya har ƙarshe, kuka ta miya ta faɗo a gaɓa ta biyu. Sannan ga haruffa masu ƙugiya, waɗanda ke raba baki da baƙi, kare da ƙare, daka da ɗaka.

Inda na fi jin daɗi shi ne wajen ci da sha. Kalmomi biyu ƙanana, amma dubi lodin da muka ɗora musu. Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci mutunci, mu ci gaba, mu ci sarauta. Muna shan ruwa, mu sha iska, mu sha wuya, mu sha alwashi, mu sha kaye. Babba ya daina jin "ci" a cikin "cin amana", sun zame masa dunƙule guda. Yaro ne ke ji. Ka ce masa yau kasuwar Kumo ke ci, ya tambaye ka me take ci, kuma wa ya dafa mata. Mai ban dariya mutum ne da ya girma amma bai yar da kunnen nan na yaro ba. Yana jin ma'anar asali a ƙarƙashin wadda aka saba, ya tono ta a lokacin da ba a zata ba. Baƙar magana ma nan ta samo ƙarfinta. Matafiyi ya tambayi yaro: "Ina hanyar nan ta tafi?" Yaro ya ce: "Tun da aka haife ni a nan nake ganinta, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."

Kada ka ɗauka wannan aikin 'yan tasha ne kawai. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wani mutum ya roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, abin hawa, sai ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa? Sai ya amsa masa da cewa, akwai mai haihuwar raƙuma in ba taguwa ba? Ka ga ginin: "ɗan taguwa" ya sa mutumin ya hango ɗan ƙaramin da bai isa hawa ba, alhali ƙaton raƙumi ma ɗan taguwa ne. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ba a ƙasƙantar da kowa ba.

Abu guda na lura da shi a wajen taro: kalmar da ke juya magana wurinta ƙarshe. In ka sako ta a tsakiya, ka ci gaba da zuba bayanta, ka binne dariyar da hannunka. Da dattijon nan ya ce "a ƙara maasaa Hajiya ta ce, ku ne shaida jama'a", da rabin bencin ne zai motsa.

Abin da rubutu ba ya ɗauka

Yanzu mu zo kan wayarka. Rubutun bokon Hausa da muke yi yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Ajami ya fi shi ta wannan gefen, don yana nuna dogon wasali, amma shi ma ba ya nuna hawa da saukar murya. Haruffa masu ƙugiya sun shigo boko tun shekarun 1930, amma mutum nawa ke wahalar nemo su a waya? Ka ga yadda na rubuta "maasaa" ɗazu, dole ta sa na karya ƙa'idar rubutu don ka ji abin da kunnena ya ji. Wata shekara na ba 'yan aji aikin rubuta labarin abincin Sallah, wani ya rubuto cewa babansa ya ci tsokar, shi kuma aka bar masa, a gafarce ni, "kashin". Ƙugiya ɗaya ya manta a kan "ƙ", ajin nan bai sake zama lafiya ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Wannan ma ƙaramin rashi ne. Babban shi ne murya. Ɗauki gatse. Yaro ya fasa tangaran, uwarsa ta ce: "Ka kyauta. Je ka ɗauko sauran ma." A baki, ko ɗan shekara huɗu ya san ba aike ba ne. Rubuta shi a takarda ka ba wanda bai san abin da ya faru ba, zai ce yabo ne da umarni. Duk abin da ke nuna cewa akasin maganar ake nufi a cikin murya yake da ido.

Haka kalmomin amsa-kama. Ka ce mutum ya faɗi, ba wanda zai motsa. Ka ce ya faɗi tim, ko ya zauna jagwab, ko ya shigo bagazan-bagazan da wata zungureriyar riga, ko ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, nan take an ga hoton. Amma su ma rabin aikinsu a baki yake: yadda za ka danne "tim" ɗin, yadda za ka ja "zungureeriya" har mai sauraro ya ga rigar na jan ƙasa. Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin a buɗe sashen Hausa a wata jami'a. Me ya sa Gizo ke ba yara dariya tun bai yi komai ba? Tsamin bakinsa ne. Sarki ya koma "shaiki", "ranka ya daɗe" ya koma "yanka ya daɗe", wato garin gaisuwa ma sai da ya ambaci wuƙa. 'Yan kama kuma sukan ɗauki salon karatun malamai ko amon waƙar wani makaɗi, su bar muryar yadda take da nauyinta, su cusa mata zancen tuwo da nama. A nan ma hanya biyun nan ce, sai dai ɗaya a cikin murya take, ɗaya a cikin kalmomi.

An yi wani masani a Amurka, Robert Provine, wanda shi da ɗalibansa suka bi wuraren taruwar jama'a suna rubuta abin da aka faɗa daf da kowace dariya, har sau 1,200. Suka tarar abin da ya yi kama da barkwanci a ciki bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Sauran maganganu ne na yau da kullum, irin "ka tabbata?" ko "to sai an jima". Ya kuma gano cewa mutum ya fi yin dariya cikin mutane kusan sau 30 a kan in yana shi kaɗai, kuma mai magana ya fi mai sauraro yin dariyar. Da na fara karanta wannan ban yarda ba, sai na zauna a majalisarmu bayan Magariba na kasa kunne kwana uku. Gaskiyarsa ce. Yawancin dariyarmu cewa muke yi "ina tare da kai", ba cewa muke "ka iya magana" ba. Jariri ma yana ƙyalƙyala dariya tun yana wata uku ko huɗu, bai san kalma ko ɗaya ba.

To a bakin shagonka duk waɗannan suna nan: murya, ido, mutane a zaune gwiwa da gwiwa, wani ya fara dariya ta kama na kusa da shi. A zauren waya kowa shi kaɗai ya karanta saƙonka. Wani a cikin cunkoson Keke Napep, wani ya fito daga asibiti, wani matarsa ta ɓata masa rai. Kuma da muryar da ke cikin kansa ya karanta, ba da taka ba. 'Yar fuskar nan mai hawayen dariya da ake liƙawa faci ce kawai, tana rufe wata ɓarakar, ba ta rufe wata.

Wa ya ba ka izini?

Duk da haka, ban ɗauka rashin murya ne kaɗai ya kayar da kai ba. Maganarka ba irin ta dattijon masa ba ce. Tasa wasa da kalma ce, ko baƙo ya ji zai dara. Taka zagi ce da al'ada ta cire wa dafi, kuma cirewar tana da sharaɗi.

Wasan barkwanci tsakanin jama'a tsohon abu ne a ƙasar nan. Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. A cikin gida akwai taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, masu bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Akwai kaka da jika: tsoho ya kira jikarsa amaryarsa, tsohuwa ta kira jikanta maigida tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Akwai matar wa da ƙanen miji. A cikin gidan nan dai kuma akwai waɗanda ko sunansu ba a kamawa, suruki da ɗan fari. Wato al'ada ta zauna ta raba: ga wanda za ka yi wa tsiya, ga wanda za ka sunkuyar wa da kai. Wani Bature masanin al'adu, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a 1940, ya siffanta ta da raini wanda aka yi wa izini. Siffar ta yi, kuma kalmar da za ka riƙe a ciki ita ce izini.

Ka kuma tuna tsakanin Fulani da Barno ba wasa aka fara da shi a ƙarni na 19 ba. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno a lokacin. Wajen 1827 Yakubun Bauchi ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno lokacin da ta nufo ƙasar Kano. An zubar da jini. Yau jikokin waɗannan mutane suna zaune a benci ɗaya, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a tashi a raba goro. Ni a ganina wannan yana cikin manyan hikimomin da muka gada, kuma ba na son ranar da za a ce ya mutu.

Amma dubi kalmar da kuke wasa da ita. Bawa. A masarautun Bauchi da Gombe bauta ba tatsuniya ba ce, an kama mutane an sayar, kuma sai a 1936 doka ta kammala haramta ta a Arewacin Nijeriya. Akwai masu rai yau da suka ga waɗanda abin ya shafa. Saboda haka kalmar tana da hanya biyu kamar masa, sai dai ɗaya hanyar rami ne. Abin da ke hana a faɗa ramin a bakin shagonka shi ne, kai da mai hula kun san juna, kun ci abinci tare, in ɗansa ba lafiya kana zuwa dubiya. Yana nan zaune, kana rufe baki zai rama, kuma ramuwar ce ke nuna ku biyun daidai kuke. Duk wanda ke wurin ya san dokar wasan. Kuma da za ka ga fuskarsa a ɗaure wata rana, da kanka za ka haɗiye maganar ka tambaye shi lafiya.

A zauren kuwa ka jefa ta ne kan jama'a, ba kan mutum ɗaya ba. Ka ce "Barebarin gidan nan", ka haɗa da wanda rabonka da shi tun kuna aji. Al'ada ta buɗe ƙofar wasa tsakanin Bafulatani da Babarbare, amma ko ƙofa a buɗe take sai an yi sallama. Mai yiwuwa abokin naka a Legas ko Fatakwal ya ƙarasa girma, wasan bai zauna masa a jiki ba. Mai yiwuwa ya san shi sarai, amma shi kaɗai ne Babarbare mai magana a zauren, ya ga ba mai taya shi ramuwa. Mai yiwuwa kuma akwai wani tsohon ciwo tsakaninku da kai ka manta shi bai manta ba, ko kuwa kai Allah ya buɗa maka shi yana fama, sai "ubangida" ta sauka a kan gyambo. Sannan Gombe ce fa: a ajinku da wuya a rasa Tangale, Waja, Tera ko Tula. Su ba sa cikin wannan wasa da kai, abin da suka gani kawai Bafulatani ya rubuta "bayina". Shirun da ka ji, ina jin wani ɓangarensa daga nan yake. Rubutu kuma ba ya bin iska. Maganar baki in ta yi tsami, kafin a sha shayi an wuce wurin. Ta waya tana nan, ya buɗe da safe ya gani, ya buɗe da dare ya sake gani.

Kuskuren da na yi da alli a hannu

Akwai wata dariyar da harshe ke haifarwa wadda na fi tsoro, ita ce ta kwaikwayon bakin wani. Mu mutanen Bauchi mun san ta, don mu ake yi wa. Bakano ya ji mun ce "motana" ko "rigan nan", ko mun ce "kawo ruwa wa Baba" maimakon "kawo wa Baba ruwa", sai ya riƙe ciki. Mu kuma mu juya kan Basakkwace da "mi kaka so" da "munka tahi". Wannan ba ya damuna sosai, don kowa na da abin ramawa, kuma kowa ya san Hausar tasa ce, ba aro ya yi ba.

Inda ta ɓaci shi ne in wanda ake kwaikwaya ba shi da abin ramawa. A shekaruna na farko a aji, akwai wani yaro daga wajen Bogoro wanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Na sa shi karatu, ya zo kan "ƙaya ta soke ni" ya ce "kaya". Na ce: "Kaya ai ɗauka ake yi, yaushe suka fara suka?" Aji ya fashe. Da na tsaya nan da sauƙi. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na maimaita jimlar da irin muryarsa. Yaron nan ya yi murmushi, ya zauna, kuma bai sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Yana jin harshe uku a lokacin, ni ina fama da biyu. Ta fuskar gini maganata ba ta da aibu: hanya biyu, juyi a ƙarshe, komai ya zauna. Amma ni ke riƙe da alli da jan biro, shi ba ya iya ce mini komai. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙubba. Na san ayar tun ina makarantar allo, ranar nan ce na san da ni take.

Tun daga lokacin nake auna wasa da tambaya ɗaya kafin in sake shi: wanda zan taɓa, zai iya taɓa ni a nan take, a gaban mutanen nan, ba tare da ya yi asarar komai ba? Wawan sarki yana faɗa wa sarki abin da waziri ba ya iyawa, a yi dariya, don daga ƙasa yake harbawa sama. Yaran tashe a watan azumi suna sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho da malami, a ba su sadaka. Juya abin, sarki ya tashi yana kwaikwayon tafiyar gurgu a fada: za a yi dariya, amma ta tsoro ce.

Ana koyo?

Wani ɓangare ana koyo, kuma a majalisa ake koyonsa, ba a aji ba. Ana koyon ajiye kalmar juyi a ƙarshe. Ana koyon yin shiru na ɗan numfashi kafin a sake ta, kamar yadda Hajiya ta juya masarta tukuna. Ana koyon ɗaure fuska, don mai dariya tun kafin ya kai ƙarshen labarinsa ya cinye rabon masu sauraro. Ana koyon tara kalmomi: wanda ya san karin magana ɗari biyu da amsa-kama iri-iri ya fi wanda komai nasa "sosai" ne abin harbi. Karangiya irin ta "da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto" da zaurancen da 'yan mata ke yi, duk horon kunne da harshe ne, ko da yake yara ba su san horo suke sha ba. Saurin kai kuwa, irin wanda kafin ka rufe baki an ba ka amsa, wannan ban taɓa iya koya wa kowa ba. Ni kaina sau da yawa sai na kwanta da dare amsar da ta dace take zo mini. Kuma ka sani, iya fasa barkwanci a ga cikinsa daban, iya yin sa daban. Mu malamai mun fi ƙwarewa a na farkon.

Game da abokinka, ban ga fuskarsa ba, ban san abin da ke tsakaninku a baya ba, don haka ba zan yanke maka abin da ke ransa daga Bauchi ba. Abin da zan yi in ni ne: ba zan sake rubuta masa komai ba, ko ban haƙuri, don hanyar da ta ɓata magana ba ita za ta gyara ta ba. Ka nemi inda yake ka taka da ƙafarka. In ya yi nisa, ka samu wanda yake jin nauyinsa a cikin 'yan ajin ya haɗa ku a waya, murya da murya. Kada ka fara da "ai wasa ne", don wannan cewa ne laifinsa ne da bai gane ba. Ka ce ka yi magana a inda bai dace ba, ya yafe maka. A zauren ma ka sa layi ɗaya na ban haƙuri, ba tare da 'yar fuskar dariya ba, tunda a gaban jama'a aka yi.

In da hali ka ja mai hular nan ku tafi tare, ka riƙe goro. Shi ya san bakin da zai yi wa ɗan'uwansa magana, kuma ganinku tare zai yi bayanin da kai ba za ka iya ba. In abokin ya karɓi goron ya yi shiru, ka bar shi, kada ka sake taɓa shi da wannan wasa sai ranar da shi ya fara. In kuwa ya kalle ka ya ce, "To bawana, sai yau ka ga damar zuwa gaisuwa?", kada ka rama a ranar. Ka cire hula ka ce ranka ya daɗe, ka tambaye shi mutanen gida.